Ƙarshen da Inji Ya Gyara

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ko da a gajiye.

A zamanin da aka daina buga littafi, akwai inji a bakin kasuwa mai mayar da littafi fim. Jikokin Tasalla suka ishe ta da naci, har ta ɗauko tsohon littafinta, na yarinyar da ta shiga garin aljanun ruwa neman ƙaninta, ta kai shagon Sallau mai injin.

Aka kunna, yara suka yi ta ihu. Aljanun sun fito kyawawa suna rawa, yarinyar ta dawo da ƙaninta ana guɗa.

"Ɗan nan, ba haka aka yi ba," in ji Tasalla. "Sai da ta tsufa ta fito, ta tarar ba wanda ya san ta. Nan nake kuka kullum."

"Iya, wa zai sayi kuka yanzu? Inji ya gyara."

"To ba ni abina, in karanta musu na gaskiya."

Ta buɗe, kowane shafi fari fat, ko ɗigo babu.

"Au, ba a gaya miki ba? Ai lashe tawadar yake yi."

A hanya ta fara ba yaran ƙarshen da baki, sai autarsu Ummita ta ce, "Ke tsohuwa, rikicewa kika yi. Mu fa da idonmu muka gani."

Ƙurunƙus. Sallau ya ci gaba da cinikinsa, yara suka girma da fim ɗinsu, Tasalla kuwa ta daina gardama.