Kafin Cin Kasuwar Raguna

Sau goma sha ɗaya Halliru ya kira lambar tun da safe, sau goma sha ɗaya aka ce masa wayar a kashe take. Ya jefar da tasa a kan tebur, ya ja dogon tsaki.

Shi ne shugaban wani ƙaramin ofishin tsaro a Kazaure, gini ne da ko allo babu a ƙofarsa. Mai lambar kuwa, Halliru bai taɓa ganinsa ba, ko sunansa bai sani ba. Wata takwas ke nan mutumin yana kiransa a ɓoye daga cikin 'yan ta'addan da ke shigowa ta kan iyaka. Magana yake yi a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sau biyu labarinsa ya ceci rayuka. Sharaɗinsa guda ne: "Kai kaɗai, ranka ya daɗe. Akwai mai kai musu labari a ofishinka."

Ranar Asabar ya kira ya ce za a dasa bam a wata kasuwar raguna kafin Babbar Sallah. Ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa, ko nan Kazaure. Ya yi alkawarin zai faɗi wacce ce ranar Litinin. Litinin ta zo ta wuce, shiru. Yau Alhamis, Sallah saura kwana huɗu, kuma duk inda ka duba mutane ne ke jan raguna.

Abin da ya rage wa Halliru shi ne mutumin da ke ɗakin baya. Ranar Lahadi aka tare shi a hanyar Babura a kan babur, da buhu biyu na takin zamani da ƙunshin wayoyin lantarki da batura. Ya ce sunansa Sabiru. Manomi dai ba ya shuka da batir.

Halliru ba ya shiga ɗakin baya. Ba ya son warin wurin, kuma wai ya fi son ya ɗaga hannu a sallah da tsabtarsa. Mataimakinsa Ahmad ne ke shiga da igiya da guntun tiyo, shi kuma ya jira rahoto a ofis, fanka tana kaɗa shi.

"Yallaɓai, ya ce ba zai yi magana da kowa ba sai kai," in ji Ahmad ranar farko. "Har sunanka ya sani."

"Dole ya sani mana, ai ni suke nema. Ku matsa shi."

"Ga shi da nauyin baki. Kafin ya fitar da kalma ɗaya ranka ya gama ɓaci."

"To ku sauƙaƙa masa bakin."

Mutum ɗaya ce ta ɗaga murya, Halimatussa'adiyya mai kula da fayiloli, wadda ta karanci shari'a kafin ta shigo aikin. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yallaɓai, doka ta hana azabtarwa, kuma ba ta ce ban da ɗan ta'adda ba. Abin da aka fitar da duka ma kotu ba ta karɓa. Ka shiga ka saurare shi ko na minti biyar ne."

"Kotun ce za ta kwashe gawarwaki a kasuwa?"

Ta juya ta koma kujerarta. Shi ma amsar tasa ba ta ba shi barci ba, amma ya riƙe ta.

Ranar Talata bakin Sabiru ya buɗe. Ya ce akwai kogo a duwatsun Roni. Aka kwashi mota uku aka tafi, aka tarar da wata Bafulatana zaune da ƙwaryar nono, tsoro ya sa ta ɓarar da shi. Ranar Laraba ya ce wani gida ne a Gwiwa. Aka ɓalle ƙofa, aka fito da wani dattijo da ko gani ba ya yi sosai, jikokinsa suna ta kuka. Haka abin ya yi ta tafiya. Da an ɗaga igiya sai ya ambaci gari, da an sauke shi sai ya ce don Allah a kira masa Halliru. Kwana biyu suka tafi a banza, kuma Halliru ya sani sarai ko shi aka rataye zai ambaci garin da bai taɓa takawa ba. Duk da haka ya ce a ƙara.

Bayan azahar ɗin Alhamis Ahmad ya shigo, hula a hannu, rigarsa sharkaf da gumi.

"Yallaɓai, sai haƙuri. Ya cika."

Halliru ya yi salati a hankali. Ba tausayi ne ya kama shi ba, tsoro ne tsagwaronsa. Ya tuna mahaifinsa, wanda duk shekara sai ya je Babura da ƙafarsa ya zaɓi rago, ko an hana shi. Kasuwa huɗu, jami'ai goma sha tara, ba wanda ya san inda za a tsaya. Fata ɗaya ya rage masa a duniya, mutuminsa na ɓoye ya kunna waya.

Halimatussa'adiyya ta shigo ba ta kalle shi ba. Ta ce an zo tura babur ɗin mamacin zuwa sito, kujerar ta zame, aka ga wata 'yar ƙaramar waya naɗe a leda a cikin soson. Kwana biyar babur ɗin yana jingine a tsakar gida, ba wanda ya tuna da shi, kowa yana ɗakin baya. Ta danna ta kunna ta don ta rubuta lambarta a fayil.

Halliru bai ma saurare ta ba. Ya ɗauki tasa wayar, ya danna lambar nan karo na goma sha biyu, ya kara a kunne. Wannan karon ta shiga. Ya miƙe tsaye yana cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi.

A tafin hannun Halimatussa'adiyya, 'yar ƙaramar wayar ta fara ƙara.