Sunan Mahaifinta a Shafin Gidan Surukinta

Akwai wata maɗinkiya da ta auri wanda ranta yake so, wani malamin firamare, autan wani dattijo da ya daɗe da rasuwa. Ita ma marainiya ce. Tana goye mahaifinta ya bar duniya, ba ta san komai nasa ba sai suna da hoto guda. Da ta samu cikin fari, sai ta ji tana son sanin tushen da za ta faɗa wa abin da za ta haifa. Aka ce mata a gidan dagaci akwai tsohon littafin ƙidaya, na zamanin da ake bi gida-gida ana rubuta maigida da iyalinsa. Ta je, aka ciro mata shi daga akwatin ƙarfe, gara ta cinye gefensa. Ta buɗe shafin gidan kakanta, ta bi da yatsa har ƙasa, babu mahaifinta. Ta ce bari ta leƙa na gidan su mijinta, ko ta samo abin ba shi labari. A can ta gan shi, layi na uku ƙarƙashin sunan surukinta: sunan mahaifinta har da laƙabinsa, shekara huɗu, a gabansa an rubuta "ɗa".

Ta rufe littafin ta koma gida. In dai takardar nan gaskiya ta faɗa, mijinta baffanta ne, aurensu haramun ne, ga kuma ciki wata biyar. Ta ɗauko hoton mahaifinta, sai ta fara ganin goshin mijinta a ciki, da wushiryarsa, har da yadda yake karkata hula. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma tabarma, ta ce zafi take ji. In ya shigo mata da mangwaron da take kwaɗayi, ta karɓa kanta a ƙasa. In cikin ya motsa, sai ta ji kamar tuhumarta yake yi. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai san gaskiya, ƙanwar kakanta, wata tsohuwa a ƙauyen da ke hayin kogi. Sau uku tana yafa mayafi za ta tafi, sau uku tana komawa ta zauna a gaban keken ɗinki, domin muddin ba ta tambaya ba, tana da sauran miji. Haka ta yi mako bakwai, har zobe ya fara zamewa daga yatsarta.

Ranar da ta daure ta je, ta tarar da tsohuwar tana ɓarar gyaɗa. Ta faɗi abin da ta gani. Tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ja'ira, a bayan nan nawa na goya shi na kai shi gidan. Ɗan fari ne, kakanki ko sunansa ba ya iya faɗa don kunya, ana yaye shi ya ba amininsa, surukin naki, riƙo. Wane mai riƙo ne zai ce wa baƙo mai ƙidaya, a gaban yaro, ba shi ya haife shi ba?"

"Kaka, ya sha nonon gidan?"

"Da haƙora cike da baki? Tuwo ya ci, ya yi wayo ya dawo gidan ubansa."

Da ta dawo, ta iske mijin zaune a ƙofar ɗaki, shi ma ya rame. Kafin ta buɗe baki ya ce, a hankali, in ta gaji da shi ne ta faɗa, ba zai riƙe ta dole ba, ya riga ya shirya wa zuciyarsa. Nan ta ga auren da takarda ba ta raba ba, saura ƙiris shirunta ya raba shi. Ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannunsa da hannu biyu, ta kwashe labarin takardar duka ta faɗa masa.

Ba a banza Hausawa suka ce ba: rashin sani ya fi dare duhu.