Kwabon Inna Kaltumi

Injin ban-ruwan Uzairu ya mutu, tumatirinsa na bakin madatsar ruwan Watari ya fara langaɓewa, sai ga labari wai wani mutum a kasuwar Rimin Gado yana sayen kwabban zamanin Turawa, masu huda a tsakiya, da kuɗi mai tsoka.

Guda ɗaya ne a gidan, ƙulle cikin tsumma a ƙarƙashin matashin mahaifiyarsa, Inna Kaltumi. Gadon marigayi mijinta ne daga kakansa. Tun shekarar da aka yi wa Uzairu aikin ƙafa a birni yana yaro, ba ta ƙara yarda an kwance ƙullin ba, ko mijin nata sai dai ya shafa ta bayan tsumma. Yanzu idonta ya tafi, da yatsa take gane komai.

Tana shiga wanka ya ɗauke kwabon, ya sa washar injinsa a madadinsa, ƙarfen nan mai huda da ake sa wa noti, ya mayar da ƙullin yadda ya same shi. Makauniya ya cuta, kuma uwarsa. Ya nufi kasuwa.

Tsatsa ta rufe kwabon, ja wur, ko harafi ɗaya ba a gani. Mai sayen ya matsa masa lemon tsami, ya dirje da toka, ya ɗaga a rana.

"Malam, kwabo kore yake yi in ya tsufa. Wannan washa ce, ta keke ma."

Uzairu ya ɗauka damfara ce, ya nuna wa bakanike. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce washa ce.

Ya dawo gida, ya tarar da Inna a kan tabarma, ƙullin a kwance a cinyarta, tana murza sabuwar washar. Ya durƙusa, kunya ta hana shi kallon fuskar da ba ta ma ganinsa.

"Inna, ki yafe mini, ni na ɗauka. Amma wani ya riga ni, an daɗe da sace na gaskiyar."

Ta ajiye washar. Sannan ta lalubo ƙafarsa, ta dafa tabon ɗinkin.

"Ba sata ba ce, ɗana. Babanka ya rantse ba za a sayar ba, likita kuma ya ce ko aiki ko a yanke ƙafar, sai na sayar a ɓoye. Washar daga kekensa na cire ta. Kwabon kuwa, da shi ka taka ka je kasuwa yau."