Mutanen Da Na Rufe a Zanen Bama

Mama na goge zanen ne ya suɓuce mata, gilashin ya tarwatse a tsakar falo.

Kwananta biyu da zuwa daga Birmingham don ta ga sabon gidana a Manchester. Cikin zane-zanen jiragen yaƙi talatin da na tara, wannan na fi ji da shi: jirgi na sako wa sojoji kaya a dajin ƙasar Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk baƙon da ya zo sai na tsayar da shi a gabansa, in ce kakana sojan sama ne.

Faɗuwar ta sa farin kwalin da ke gefen zanen ya zame. Sai ga jerin baƙaƙen sojoji a can ƙasa, kowa da akwati a ka. Ni na sa mai firam ya rufe su, shekara shida ke nan.

"Wa ya ɓoye waɗannan?" in ji Mama.

"Firam ɗin ne ya yi kaɗan, Mama."

Ta daɗe tana kallonsu.

"Haka Babana ya yi shekara biyu, akwatin harsashi a kai. Har ya rasu gashi bai sake tsirowa a tsakiyar kansa ba. Kullum ni ke shafa masa mai a wurin."

Ta sa bakin mayafinta tana goge fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na durƙusa ina tsince gilashi, don kada mu haɗa ido.