Gonar da Ake Fara Shukawa

Kai ma dai, baban yara, akwai ka da saurin karaya. Wai ka yi wa 'ya'yanka faɗa har bakinka ya bushe, amma ko bokitin ruwa ba sa ɗaukar wa maƙwabciya. To, gyara zama in ba ka labarin wani manomi.

Mutumin nan Kirista ne, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ko addu'ar safe aka ce ya yi, kafin ka gama sunkuyar da kai ya ce amin. Sai dai yana da wata al'ada da ta ishi mutanen gidansa. Duk shekara, ranar da ruwan shuka ya sauka, sai ya saɓa sungumi, ya tasa 'ya'yansa a gaba da ƙoƙon iri, su wuce gonarsu kamar ba su santa ba, su nufi gonar wata tsohuwa gwauruwa a ƙetaren rafi. Ba danginsa ba ce, a majami'a kawai suke haɗuwa. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, ga ciwon gwiwa, kuma abin da wannan 'yar gona ta ba ta shi ne abincinta har wata kakar. Shi yana gaba yana sara, yaran na biye suna jefa gero suna binnewa da diddige. Sai an gama tata tas, sannan a juyo tasu. Ka kuwa san danshin ruwan fari ba ya jiran kowa, wanda ya makara sai ya zauna ya zuba wa sama ido. Yaran fa ba mala'iku ba ne. Babban yana tafe yana ƙunƙuni, mai bi masa ta tsuke baki kamar an ba ta maɗaci, autan kuwa sai ya juye rabin tafin iri a rami ɗaya don ƙoƙon ya ƙare da wuri. Uban yana ji yana gani, bai taɓa tsayawa yi musu dogon bayani ba. Iyakarsa ya ce su ɗaga ƙafa, rana na yi.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, maciji ya sare shi wajen sharar gona. Aka garzaya da shi asibiti a cikin gari, matarsa ta bi shi jinya, ba wanda ya samu sukunin barin sallahu. Yana kwance ƙafa a kumbure aka sheƙa ruwan shuka. Ranar hankalinsa ya tashi ƙwarai, abinci ma ya kasa ci. Gonarsa bai damu da ita ba, ya san yara za su shuka abin da za su ci. Tsohuwar nan ce ta tsaya masa a rai. A ganinsa, idonsa ne kawai yake kai yaran ƙetaren rafi, ga shi kuwa idon yana kan gadon asibiti. Da aka sallame shi ko gida bai shiga ba, ya dogara sanda ya wuce wurinta don ya ba ta haƙuri. Yana hawowa daga rafi sai ya tsaya cak. Gero ya tsiro kore shar daga wannan kan iyaka zuwa wancan, layukan a karkace, wani ramin cunkus da tsiro. Tsohuwar tana zaune a gindin tsamiya tana ta yi masa dariya. Da ya gaya mata haƙuri ya zo ba ta, sai ta ce, "Haƙurin me, ɗana? Ka dai koya wa babban nan naka miƙe layi, ka kuma ja wa autan kunne, ya kusa ƙarar mini da iri!"

Tasu gonar kuwa rabi suka samu da danshi, sauran sai da aka sake ruwa, kuma a wannan shekara rumbunsu bai cika ba. Da ya isa gida ya tambayi babban ɗansa ko wa ya aike su. Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ni ma da bakina na ce bana da tamu za mu fara. Muna tafe muna hira, sai da na sauke sungumi na ga ashe a gonar Iya muke." Mutumin nan da ba ya magana, ranar ya yi dariya har da hawaye, ya ce ko yau Ubangiji ya kira shi ya san tsohuwar nan ba za ta kwana da yunwa ba.

Saboda haka ka huta da faɗan nan. Gobe ka ɗauki bokitin da kanka, ka ce su biyo ka, ko suna ƙunƙuni ƙyale su. Ai Hausawa sun gama magana: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.