Ƙauyen da Ya Ƙirga Kansa Sau Uku

Kai da kake ƙara gishiri a takardar neman hanyar garinku, aje biron nan in ba ka misali.

A can ƙasar Indiya an yi wani dagaci mai gashin baki kamar ƙahon ɓauna. In ya shiga birni yakan ce mutanen ƙauyensa dubu uku ne cif, in suka yi atishawa tare sai tsuntsayen gunduma sun tashi. Alhali ko an haɗa da jarirai da surukan da suka zo wuni, ba su cika dubu ba. Ba a banza yake wannan cika baki ba. Hukuma ta ce sai ƙauye ya kai mutum dubu biyu za a gyara masa hanya a turo bas. Su kuwa tsakaninsu da kwalta tafiyar sa'a uku ce a amalanken shanu, ga rafi a tsakiya. Bara a kan amalanken nan maƙwabciyarsa ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Bana ga 'yarsa ta cikinsa da cikin wata huɗu.

Da aka ce malamin ƙidaya na tafe, dagaci ya ƙulla dabara. Unguwa uku ce a ƙauyen, gonakin rake sun raba su. Kowa da kowa zai taru a ta farko. Da an gama ƙirga a can, shi zai tsare baƙo da shayi, jama'a su ratsa raken su riga shi zuwa ta gaba, maza su sauya rawani, mata su ja mayafi su rufe fuska.

Malamin ya iso da rana tsaka, a ƙasa. Babur ya kafe a laka, rafi ya tafi da takalmi ɗaya, ƙafa duk ƙaya. Wata tsohuwa ta zaunar da shi, ta ciccire ƙayar, ta shafa man kwakwa, ta ɗaure da tsumma. Aka ƙirga unguwar farko lafiya, aka ƙirga ta biyu, dagaci yana ta murza gashin baki. A ta uku layi ya zo kan wata mata mai haki, fuska a rufe, ganyen rake a mayafi. Ta leƙa ƙasa, sai ta saki mayafin.

"Wayyo ɗan nan, ɗaurin da na yi maka ya kwance! Miƙo ƙafar."

 Dagaci ya ji rawaninsa ya koma dutse. Malamin ya miƙa ƙafa aka ɗaure, sannan ya dubi dagaci.

"Ranka ya daɗe, mutanenka ba su da yawa, amma akwai gudu."

Ya soke ƙirgen unguwa biyu, ya rubuta ɗari tara da arba'in. Dagaci ya tuna 'yarsa da amalanken shanu. Amma malamin bai rufe littafi ba, ya ci gaba da rubutu har ya cika shafi. Ya ce dubu ukun nan dama ba wanda ya taɓa yarda da su a birni, amma wannan ƙafa gobe shugabansa zai gan ta, ya kuma ji inda aka baro babur ɗin hukuma.

Kafin a sare rake an zuba tsakuwa, an sa kwalbati a rafi, bas na zuwa Talata da Asabar. Jikar dagaci, da yake 'yar mutunci ce, sai da ta jira ranar Talata, ranar bas, kafin ta zo duniya. Shekara goma dagaci yana ƙarya ba ta kawo ko taya ɗaya ba, ƙafa guda mai tsumma ta kawo mota sukutum. Ba banza ba aka ce gani ya kori ji.