Rariyar Inna da Sarƙar Babur

Da la'asar ce, a gidanmu na Aliero. Baba ya zauna a gindin darbejiya yana sauya wa babur ɗinsa sarƙa da faifan haƙoran da take hawa. Ya yi alkawarin kai ni Jega in yi wa Kaka ban kwana, don da asuba za ta tafi aikin Hajji.

Saura ɗan ƙarfen da ke kulle sarƙar, sai ya suɓuce masa ya faɗa cikin rairayi. Muka laluba, babu. Na fashe da kuka.

"Bar kuka, ɗiyata," in ji Baba. "Ɗauko min rariyar innarki."

Inna ta biyo ni tana faɗa: "Malam, rariyar garin tuwon nawa?"

"Allah ya huci zuciyarki, a wanke ta."

Na durƙusa, na yi bismillah, ina ta tankaɗe ƙasa, hannuna duk baƙin mai. Can sai ga ƙarfen a tsakiyar rariya.

Mun isa Jega kafin magariba. Kaka ta kama hannun nan nawa mai baƙin mai, ta sa mini albarka. Har yau in na ji warin man babur, addu'arta nake tunawa.